Ku Tambayi Malam: Dibet, Ƙwallo, Hadda da Rigimar Kandi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan 'yan sakandare ne, kuma abin mamaki ba wanda ya tambaye ni yadda ake cin lissafi ko kimistiri, kowa damuwarsa abin da yaro yake yi ne bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. Kamar kullum na cire sunaye na bar unguwa kawai, wasu saƙonnin kuma na rage musu tsawo, don akwai wanda in na sa shi yadda aka turo shi kaɗai zai cinye shafin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, ina da yaro a SS1 ajin kimiyya, burina ya zama likita. To shi ne wai ya shiga ƙungiyar dibet a makaranta, ga kuma wani fires kulob na masu koyon aikin jarida, duk Laraba ba ya dawowa sai bayan la'asar, a gida ma ya ishe mu da Turanci a gaban madubi. Ni dai a ganina surutu ne kawai, me ya haɗa likita da musu? Na so in je in sa a cire shi, uwarsa ta ce in fara tambaya tukunna.
Wani uba daga Gwammaja

AMSA: Alhaji, Allah ya saka wa Hajiya da alheri da ta riƙe ka. Kar ka cire shi, don Allah.

Kai kanka a Kwari da me kake cin abinci in ba baki ba? Baƙo ya taso daga Maraɗi ko Yola ya tsaya a bakin shago yana juya shadda yana taɓe baki, mene ne yake sa ya zauna har a ƙulla ciniki? To abin nan da kai ka koya a kasuwa shi yaronka yake koya, sai dai shi da Turanci yake koyon nasa, kuma a nan ne ciwon 'ya'yanmu yake. Yaran Kano ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba wallahi, baki suka rasa. Yaro ya san amsa sarai, amma a ce ya miƙe ya faɗe ta a gaban mutane sai gumi ya karyo masa. Kuma ba laifinsa ba ne, aji a cike maƙil, malami minti 40 gare shi ya rubuta a allo a kwafa ya fita, yaro sai ya yi shekara uku a sakandare bai furta cikakkiyar jimlar Turanci biyar a bainar jama'a ba. A makarantu da yawa dibet ɗin nan da kake rainawa shi kaɗai ne wurin da ake tilasta wa yaro ya buɗe baki.

Ka taɓa zuwa ka ga yadda ake yi? Ana jera tebur biyu a hol, ko a ƙarƙashin darbejiya in babu hol, masu goyon baya a nan masu suka a can, malamai uku a tsakiya da takardar maki, ga mai kula da lokaci da 'yar ƙararrawa a hannu. A ba yaro minti biyar. Ranar farko za ka ga takardar hannunsa tana karkarwa, ya haddace gaisuwar nan ta shugaban taro da alƙalai da abokan karawa tsaf, yana gama ta sai komai ya gudu daga kansa, 'yan bayan hol su sa ihu da buga benci, ya koma ya zauna ido ya yi ja. In ya jure zango biyu sai ka ga ya ajiye takardar gefe, yana sauraron na gabansa yana ɗan rubuta inda zai kama shi. Wannan sauraron shi ne ribar, ba ihun ba.

Ta fuskar jarabawa ma kai ne da riba. Babu jami'ar da za ta ba shi likitanci ba kiredit a Turanci. A WAEC ana so ya rubuta insha'i mai kalma wajen 450, kuma cikin tambayoyin da ake zaɓa akwai wasiƙa, akwai maƙala irin ta jarida, akwai jawabin muhawara, wato daidai abin da yake yi duk Laraba a dibet da fires kulob. A JAMB tambaya 180 ce, 60 daga ciki Turanci ne, sauran darussa ukun 40 kowanne. In Allah ya sa ya samu likitancin kuwa, je ka tambayi duk ɗalibin da yake asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da safe wajen zagayen marasa lafiya a tsaye zai yi wa babban likita bayanin mara lafiya tun daga abin da ya kawo shi har abin da ake zargi, da baki, a gaban 'yan'uwansa, ana jefo masa tambaya. Wanda bai saba tsayuwa ba a nan yake raina kansa.

Marigayi Ɗan Masanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule, da ya rasu a 2017, a Midil ta Kano ya yi karatu, wato Kwalejin Rumfa ta yanzu da aka buɗe tun 1927, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, har ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1980. Ka tambayi duk wanda ya taɓa jin sa yana jawabi da me yake tuna shi.

Abin da za ka yi dai kawai shi ne ka sa ido a kan rifot kad ɗinsa. Ka ce masa sharaɗinka ɗaya, fizik da kimistiri da bayoloji da lissafi kar su sauka, ranar da suka sauka za a ajiye kulob ɗaya. Ka je ka ga malamin da yake kula da su ido da ido, ka karɓi lambarsa, ka san ƙarfe nawa suke tashi don kar Laraba ta zama hanyar yawo, ka tabbatar suna tsayawa sallar azahar, ka ƙara masa kuɗin tara ranar don ba a musu da yunwa. Kuma in ka je ka yi wa malamin nan godiya, don a makarantu da yawa kulob a jikin jadawali kawai yake, wanda ya zauna da 'ya'yan mutane har la'asar ba a ƙara masa ko sisi ba ya cancanci a gaishe shi. Turancin madubi kuwa ku yi haƙuri da shi, in ya dame ku a tura shi soro.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗalibar SS2 ce a makarantar gwamnati. Boko safe zuwa ƙarfe biyu, Islamiyya huɗu zuwa shida, Asabar da Lahadi hadda, ga wanke-wanke da girkin dare duk ni ce saboda ni ce babba mace. Malamin fizik ya ce in shiga JETS, kulob ɗin kimiyya da ƙere-ƙere, a sa ni cikin masu haɗa furojet, malamin haddarmu kuma ya sa sunana a musabaƙa izu 20, ga kwalifayin tana zuwa. Umma ta ce duk in yi, Abba ya ce duk in bari. Wallahi kaina ya kulle.
'Yarku daga Sharaɗa

AMSA: 'Yata, sannu da ƙoƙari, ni da na karanta jadawalin naki ma sai da na gaji. Umma tana ganin za ki iya ne, Abba yana tausayinki ne, amma taura biyu ba ta taunuwa, ke kuma uku aka miƙo miki.

Kwalifayin ba ta cikin abin da za a yi shawara a kai, dole ce, ita ake dubawa wajen tantance waɗanda gwamnatin jiha za ta biya wa kuɗin jarabawar fita, kin ga in kika ci kin sauke wa Abba nauyi babba. Saura JETS da musabaƙa. In ni ne ke, bana musabaƙa zan riƙe. Dalilina, izu 20 ɗin nan kin riga kin haddace su, ko da gasa ko babu sai kin yi muraja'a in ba haka ba su zube, to musabaƙar ba sabon aiki ta ƙara miki ba, ta sa miki ranar da za ki gyara wanda kike yi ne. Kuma hanya ce mai tsari, daga ƙaramar hukuma a je jiha, daga jiha a je ta ƙasa wadda aka fara tun 1986 a ƙarƙashin cibiyar nazarin addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, mata da nasu ɓangaren, matakai tun daga izu 2 har izu 60 da tafsiri. Yarinyar da ta zauna a gaban alƙalan musabaƙa aka jawo mata aya daga tsakiyar sura ta ɗora, aka danna mata ƙararrawa ta koma ta gyara ba ta rikice ba, zauren jarabawa ba ya firgita ta kuma.

Furojet ɗin JETS shi ne mai cin lokaci, a nemo waya da batir da ƙwan fitila, a haɗa ya ƙi, a warware a sake, ranar gasa ya ƙi kamawa a gaban baƙi. Abu ne mai daɗi kuma yana buɗe kai ƙwarai, ban ce ki guje shi ba. Ki je ki sami malamin fizik cikin ladabi ki ce za ki riƙa zama a taronsu kina gani, amma a ɗauke miki furojet sai bayan kwalifayin. Malamin da ya zaɓe ki ba zai ƙi ba.

Lokaci kuma ki raba shi gida biyu kawai, bayan asuba na Alƙur'ani ne kafin gida ya tashi, bayan isha'i na boko ne, awa ɗaya da rabi ta isa in babu waya a kusa. Kar ki taɓa barcinki, masu kwana karatu da ruwan sanyi a ƙafa su ne suke gyangyaɗi a aji.

Sai maganar aikin gida, wannan da Umma nake. Hajiya, in har kina so ta yi duk waɗannan to a rage mata wani abu. Ƙannenta maza su ma hannu gare su, wanke kwano bai taɓa rage wa namiji komai ba.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya boko ba ta shiga kaina. Ƙwallo na iya, lamba goma nake bugawa, duk unguwarmu an san ni. Akwai wani mutum da ya zo filinmu ya ce shi ejan ne zai kai ni gwaji Turai, in kawo kuɗin fasfo da biza da tikiti. Shekarata 16 ina SS2. Ina so in ajiye makaranta in fuskanci ƙwallo, yayana ya ce zai sayar da babur ɗinsa ya biya min.
Ɗan wasa daga Kurna

AMSA: Ɗana, kafin komai je ka ce wa yayanka kar ya sayar da babur ɗin nan. Yau, ba gobe ba.

Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga ƙasarsa a kai shi kulob a wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi kamar iyayensa ne suka yi ƙaura can don wani dalilin da ba ƙwallo ba, kuma kai ba ka ciki. Ahmed Musa ma da kake gani, sai da ya zura ƙwallo 18 a gasar Najeriya yana Kano Pillars, kulob ɗin VVV Venlo na ƙasar Holan ya saye shi a 2010, amma bai samu damar buga musu ba sai da ya cika 18 a watan Oktoban shekarar. To wanda ya fi kowa cin ƙwallo a ƙasar nan a lokacin doka ta tsayar da shi, kai wane ne wannan mutumin da zai tsallakar da kai kana 16? Kuma ka lura da yadda abin ya tafi, ya yi wasa a gida, an gan shi, kulob ya biya kuɗi ya ɗauke shi. Kuɗi wajen ɗan wasa suke zuwa, ba daga aljihun yayansa suke fita ba. Ejan na gaskiya lasisi gare shi kuma a cikin kwantiragi yake samun rabonsa. Wanda ya fara da kawo kuɗin biza, ƙarshenta ko wayarsa ta daina shiga, ko a kai yaro wata ƙasa a ajiye shi a ɗakin otal a gudu, bizar ta ƙare ya koma ɓuya. Ka ce ya nuna maka lasisinsa da takardar gayyata daga kulob ɗin, ka kai wa hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha su duba, za ka ga yadda zai fara kame-kame.

Ban ce ba ka iya ba fa, ban taɓa ganin wasanka ba. Amma da yamma ka zagaya filin Mahaha da filayen firamaren cikin gari da na Fagge da Brigade da Ɗorayi ka ga yawan masu lamba goma, kowa an san shi a unguwarsu. Pillars da aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, duk girmanta 'yan wasan da take yi wa rajista a kaka ba su wuce talatin zuwa arba'in ba, kuma daga ko'ina ake zuwa nema. Ga rauni, gwiwa ɗaya ce za ta goce a filin burji shi ke nan an rufe babin. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage maka ka gama, daidai lokacin da kake jiran 18 ɗin ma, to me za ka yi da su in ka ajiye makaranta, zaman majalisa?

Ka buga wa makarantarku, ka buga inta-hawus, ka nemi kulob mai rajista da yake buga gasar jiha mai koci na gaske wanda ba ya sa tirenin lokacin aji. Kar ka bari kowa ya rage maka shekaru a takarda, tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda har a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata an buga wasanninta, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru, ana kama mutum kuma sunansa ya ɓaci. Bokon da ka ce ba ta shiga, ba na ɗaya na ce ka zo ba, kiredit biyar da Turanci da lissafi nake nema a wajenka. Kwantiragin da kake mafarki da Turanci ake rubuta shi, wanda bai iya karantawa ba abin da aka ga dama ake sa shi ya sa wa hannu. In ƙafar ba ta kai ka ba kuma akwai koci, akwai alƙalin wasa, akwai sashen nazarin wasanni da lafiya a BUK, duk da takarda ake shiga.

TAMBAYA: Malam don Allah a ba ni shawara. Ɗana yana JSS1 a makarantar kwana, mun je bizitin na same shi ya rame ya yi baƙi, ya ce siniyoyi sun ƙwace masa garin kwaki da suga da bokiti, shi yake yi wa wani wanki, yana kuka wai in tafi da shi. Babansa ya ce haka ake zama namiji, shi ma haka aka yi masa. Ni kuma tun ranar ba na barci.
Wata uwa daga Hotoro

AMSA: Hajiya, Allah ya sanyaya miki. Abu biyu ne a nan kuma kar a haɗa su. Kewar gida, gabza da miyar da ba ta ga mai ba, tashin asuba a ɗebo ruwa, shara, firef ɗin dare, wannan Alhaji ya yi gaskiya, zango ɗaya zuwa biyu yaro ya saba har ya zo hutu yana ba ku labari yana dariya. Amma ƙwace da duka da bautar da yaro ba tarbiyya ba ce, zalunci ne, kuma don an yi wa uba ba hujja ba ce a yi wa ɗa.

Kar ki jira bizitin na gaba. Ku je ke da babansa ko kawunsa ranar aiki, ku fara da hawus masta, in ba ku gamsu ba ku wuce wajen firinsifal, kuma ku bar ƙorafin a rubuce ku riƙe kwafi, magana ta baka iska take bi. Kar ku sa yaron ya nuna siniyan a gaban mutane, ku za ku hau mota ku tafi shi za a bari da su. Kayan firobishin a daina jibga masa gaba ɗaya, a raba, a ajiye rabi wajen malamin da kuka yarda da shi yana karɓa kaɗan-kaɗan, a rubuta sunansa da fenti a jikin bokiti da kwano. Kar kuma ki ɗauki kuɗi ki ba wani babban ɗalibi wai ya kular miki da shi, sau da yawa nan matsalar take farawa.

Sannan ki sa shi ya shiga wani abu, MSS, wato ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko sikawut ko kadet ko ma ƙwallon hawus ɗinsu. Juniyan da ake ci wa zali yawanci wanda ba wanda ya san da shi ne. Wanda yake jera tabarma a masallaci, ko malamin fareti ya san sunansa zai tambaya in bai gan shi ba, ana shakkar taɓa shi.

Amma ki keɓe da shi ku biyu ki tambaye shi a hankali, ki duba jikinsa. In kika ga tabon duka, ko ya fara fitsarin kwance bayan da ba ya yi, ko ya ce akwai mai kiran sa kwanarsa da dare, ko ya yi shiru ya ƙi haɗa ido da ke in an ambaci wani, to babu sauran shawara, a ranar za ki taho da shi a kuma bi maganar har inda ta tsaya. Makarantun jeka-ka-dawo ba su ƙare ba a Kano.

TAMBAYA: Malam makarantar 'yata sun ce a kawo kuɗin eskoshon za a kai su dam ɗin Tiga. Ba cin kuɗin iyaye ba ne kuwa?
Wani uba daga Rijiyar Zaki

AMSA: Yallaɓai, wani lokacin cin kuɗi ne, wani lokacin kuma ita ce ranar da yaro zai fi tunawa a duk shekara shidan. Yarinyar da take karanta noman rani a littafin jogirafi ta ga Tiga da idonta, dam ɗin da aka gama tun 1974 wanda ruwansa yake shayar da gonakin Kadawa da Kura, ai ta ƙaru. Ka tambaye su abu huɗu, wace mota, malamai mata nawa za su bi su, ƙarfe nawa za a dawo, kuma za a shiga ruwa ko kwalekwale? In amsar ta ƙarshe e ce babu rigar kariya, kar ta je. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwan Bagwai na 2021 ba, yawancin waɗanda suka rasu 'yan makarantar Islamiyya ne. Ni abin da yake ba ni haushi ma, ana kwasar yara a kai su nesa alhali akwai ɗan SS3 haifaffen cikin gari da bai taɓa shiga Gidan Makama ba, bai taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ba, bai hau Dala ba, duk kuɗin adaidaita sahu ne.

TAMBAYA: Malam ni bayan an tashi Farm Centre nake wucewa wajen maigidana ina koyon gyaran waya, ba na cikin kowane kulob. Wani malaminmu ya ce mu 'yan kasuwa ba ma kishin makaranta. Na yi laifi ne?
Ɗan SS1 daga Tarauni

AMSA: Ba ka yi laifin komai ba ɗana, kai ma kulob gare ka, naka ma har da ɗan na kashewa. A garin nan tun kafin a san wani kulob yaro daga makaranta kasuwa yake wucewa, Kurmi ko Kwari ko Wambai ko Singa. Gyaran waya da ɗinki ma ai suna cikin darussan sana'a na manhajar sakandare yanzu, kuma abin da malamin fizik yake zanawa a allo na lantarki kai kana taɓa shi da hannu kullum, in ka sa mita kana neman inda wuta ta yanke a bod. Ka riƙa haɗa biyun a kanka.

Inda nake jin tsoro ɗaya ne, daɗin kuɗi. Yau ka canza sikirin an ba ka na hannu, gobe ka ce bari in yi fashin Juma'a kasuwa ta fi ci, jibi Alhamis ta bi, kafin SS3 sai sunanka kawai a rajista. Ka gaya wa maigidanka tun yanzu cewa lokacin jarabawa ba za ka zo ba, maigida nagari shi da kansa zai kore ka. Wayar mutane kuma amana ce, abin da ka gani a ciki ba ka gani ba.

TAMBAYA: Malam mu 'yan SS3 ne, an yanke kuɗin kandi, wato bikin gama makaranta, ga anko, ga kuɗin hol da dije da mai hoto, an ce kuma kowa ta zo da alƙalamin maka a yi rubutu a yunifom. Babanmu ya ce ko sisi ba zai bayar ba, ƙawayena sun ce in ban yi ba na ji kunya. Ya zan yi?
'Yarku daga Ɗorayi

AMSA: 'Yata, ki fara tambaya waye ya yanke kuɗin. In makaranta ce ta shirya walima a harabarta da rana, iyaye da malamai suna nan, a yi addu'a a raba kyaututtuka a ci abinci a ɗau hoto, wannan ki samo takardar makarantar ki kai wa Baba, ki bi ta wajen Umma, ina kyautata zaton zai sassauto ko da ankon ne kawai. In kuwa 'yan aji ne suka haɗa nasu a wani hol a waje ba malami ko ɗaya, ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Kowa a wurin waya ce a hannunsa, bidiyon minti ɗaya kuma sai ya shekara goma yana yawo, lokacin da ke kin manta ma wani zai tono shi.

Kuɗin nan in ma akwai su, gaba suna da wurin zuwa, fom ɗin JAMB, kuɗin duba sakamako, wataƙila ma a sake zama wani darasin. Yunifom kuma kar ki bari a ɓata shi da maka, ki wanke ki goge ki ba wata 'yar SS1 a layinku, na tabbata kin san wadda nata ya koɗe. Ƙawayen da suke son rubuta miki wani abu ki sayi littafi mai shafi 40 ki miƙa musu, su sa har da lambar waya.

Masu tambaya a kan lesin ɗin JAMB da wanda ya turo maganar zaɓen hedboi, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in sha Allahu.